Kwamfuta za ta hana fayil kwana a ofis kuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar gwamnati ce, kwanan nan aka ba ni riƙon wani ƙaramin sashe mai ba da takardun izini. Wallahi har kunya nake ji, mutum ya kawo takardarsa sai ya yi ta sintiri wata da watanni, kullum a ce masa ya dawo gobe oga bai sa hannu ba. Yanzu daraktanmu ya ce a sayo kwamfutoci komai ya koma intanet. Don Allah hakan zai magance matsalar? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya taya ki riƙo. Gaskiya kwamfuta ita kaɗai ba za ta yi ba, in tebur tara fayil ke zagawa yau to tara ɗin zai zaga a cikin kwamfutar, sai ma ƙarin uzurin wai netwok ya ɗauke.

Ki fara ɗaukar fayil guda ki bi sawunsa tun daga rajista har ya fita, ki rubuta ranar da ya sauka kowane tebur da ranar da ya tashi, za ki ga aikin kansa ba wani mai yawa ba ne, zaman jira ne ke cinye kwanakin. Sai ki tambayi kowane sa hannu, doka ce ta wajabta shi ko kuwa haka kawai aka tarar ana yi? Na dokar ki bar shi. Na gadon ki rubuta wa darakta a cire, ko a wakilta na ƙasa ya riƙa sawa in oga ya yi tafiya.

Su Estoniya, wata ƙasa a Turai da ake ta yabo kan mayar da aikin gwamnati intanet, tsarinsu na kwamfuta mai suna X-Road da ya fara a 2001 haɗa ma'aikatu ya yi, bayanin da ɗan ƙasa ya riga ya ba gwamnati ba a sake neman shi a wurinsa. Kenya kuma ta buɗe cibiyoyin Huduma a 2013, hidimomi da yawa a gini ɗaya. Kin ga tsarin aikin suka taɓa.

Wanda ke hannunki ba sai da kasafi ba shi ne ki liƙa jerin takardun da ake buƙata a bakin ƙofa, kuma duk wanda ya kawo fayil a ba shi rasit mai lamba da ranar karɓa. Amma ki shirya, masu cin na goro da jinkirin nan ba za su so ki ba, don haka komai ki sa shi a rubuce da amincewar darakta.