Dutsen da ba ya amai, me ya sa ake ce masa mai aman wuta?

Assalamu alaikum. Wasiƙar wannan makon daga nan Gombe ta fito, unguwar Tudun Wada. Wani magidanci ne ya ɗauki uwargida da yara uku suka tafi tsibirin Sawo Tome da ke cikin Tekun Atlantika a lokacin dogon hutu. Sun dawo lafiya, amma da aka zauna ba kakar yaran labari sai Hausar ta riƙa kakare musu. Ga abin da ya fi damunsa. Ɗansa mai shekara tara ya ce: "Baba, ka ce za mu ga dutse mai aman wuta, ga shi ba wuta, ba hayaƙi, sai itatuwa." Shi ne yake tambaya ko sunan ne bai dace ba.

Malam, sannunku da hanya, kuma a gaishe min da wannan yaro, domin tambayarsa ta manya ce. Mu fara da kalmar kanta. Asalinta "amai". Idan aka jingina ta da wata kalma sai wasalin ƙarshe ya faɗi, ta koma "aman". Haka "mai" yake komawa "man" a man shanu, "kai" ya koma "kan" a kan tudu, "rai" ya koma "ran" a ran sarki ya daɗe. Saboda haka masu rubuta "amain wuta" su daina, kunne ma ba ya karɓarsa.

Ita kuwa "mai" ta gaban suna, ba aikin da ake yi yanzu kaɗai take nunawa ba, tana nuna sana'a da ɗabi'a. Mai shayi ya naɗe teburinsa da hantsi, har yanzu mai shayi ne. Mai gadi yana barci da rana, ba wanda ya ƙwace masa suna. To haka dutsen yake.

Sai dai yaron yana da gaskiya ta wani gefen, kuma a nan nake son mu koma madafa mu aro kalmomin iyayenmu mata. Mace ta san bambancin wutar da take ci, da wadda ta lafa, da wadda ta mutu. Wadda ta lafa akwai garwashi a ƙarƙashin toka, ana hurawa za ta tashi. Wadda ta mutu sai an ɗebo wata a maƙwabta. Dutsen Kamaru, mai tsayin kimanin mita 4,040, wutarsa tana ci, domin ya yi amai a 1999, ya sake a 2000. Na Sawo Tome kuwa, tun da Turawan Fotugal suka iso wajen shekarar 1470 suka tarar ba kowa a tsibirin, ba a taɓa ganin ya yi amai ba. Idan kun ce wa Hajiya kaka "tsohon dutsen aman wuta ne, wutarsa ta daɗe da kwantawa", za ta gane nan take.

Ni ina ƙaunar wannan suna na aman wuta, ban ɓoye ba. Wanda ya ƙirƙiro shi ya kalli abin da kyau. Amai daga ciki yake tasowa, ta baki yake fita, kuma mai yin sa ba ya iya riƙe shi. A can ƙarƙashin ƙasa akwai wuraren da zafi ke narkar da dutse, narkakken kuma yana ɗauke da iska da tururi. Da yake ya fi dutsen da ke kewaye da shi sauƙin nauyi, sai ya riƙa tasowa yana neman tsaga. Duk wadda ta taɓa tsayawa kan talgen tuwo ta san sauran bayanin. Talge mai ruwa-ruwa yana tafasa salin-alin, tururi na fita ba gardama. Da ya yi kauri sai ya riƙe tururin, ya kumbura, ya fashe, ya fallatsa wa mai tuƙi a hannu. Haka duwatsun nan suke: wani narkakken nasa malala yake yi kamar kunu, wani kuma fashewa yake yi ya watsa toka sama.

Kun ambaci wani dutse siriri da kuka gani a kudancin tsibirin, tsaye kamar taɓarya, kansa cikin gajimare. Shi ne Kawo Girande, wato Babban Kare da harshen Fotugal, tsayinsa mita 663 daga saman teku. Narkakken dutse ne ya daskare a cikin maƙogwaron dutsen tun kafin ya fito, ruwan sama ya yi ta zaizaye na gefe mai laushi, shi mai taurin ya rage. Wanda ya san Dutsen Wase a jihar Filato ya ga ɗan'uwansa, haihuwarsu iri ɗaya ce.

Akwai abin da ya fi wannan kusa da mu. Masana ƙasa suna jera waɗannan duwatsu a layi ɗaya da suke kira layin Kamaru. Ya faro daga cikin Tekun Atlantika, ya bi ta tsibiran Annobon, Sawo Tome, Firinsife da Biyoko inda birnin Malabo yake, ya hau tudu a Dutsen Kamaru, wani reshensa kuma ya miƙo har tsaunukan Biu. Mutumin Gombe da ya bi hanyar Dadin Kowa zuwa Biu ya ga baƙaƙen duwatsun nan birjik a gonaki. Tafkin Tila da ke kusa da Biu ramin tsohon bakin aman wuta ne ruwa ya cika. Ashe abin da kuka hau jirgi kuka je gani yana da dangi a bayan gidanmu. Irin wannan dutse in ya ruɓe yana ba da ƙasa mai albarka, shi ya sa itacen koko ya karɓi Sawo Tome har ta zama kan gaba a duniya wajen nomansa a farkon ƙarni na 20.

Uwargida ma ta sa baki a wasiƙar. Ta ce ita ta san tsibiri da ɗan busasshen wuri a tsakiyar kogi, irin wanda ke fitowa a Gongola in ruwa ya ja, to ya za a kira ƙasa mai garuruwa da tsaunuka tsibiri? Hajiya, ana kiranta. Sharaɗin ɗaya ne, ruwa ya kewaye ta ko'ina, girma ba ya hana. Tsibirin da kuka je ya kai kimanin murabba'in kilomita 850. Jam'insa tsibirai. A ƙasar Yawuri kuma "gungu" ake cewa, daga nan aka sami sunan Gungawa, mazauna tsibiran Kogin Kwara.

Tambaya ta ƙarshe kan karin magana ce, guda biyu. Babbar 'yarku ta ce tunda an nuna musu dutse yana narkewa, ai "mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa" ta daina zama abin mamaki. 'Yata, kin yi tunani, amma ki leƙa murhu. Duwatsu uku ne ke ɗauke da tukunya, shekara da shekaru suna cikin wuta safe da yamma, iyakarsu su yi baƙi ko su tsage. Narkakken baƙin dutse yana fitowa ne da zafin da ya haura digiri 1,000 a ma'aunin Salshiyos, ruwan tukunya kuwa a digiri 100 yake tafasa, ba ya wuce nan komai yawan itacen da aka zuba. Bahaushen da ya yi wannan magana dutsen murhu yake kallo, ya san ba zai dahu ba. Da gangan ya zaɓi abin da ba ya yiwuwa don ya nuna nisan da haƙuri ke kai mutum, har ya ƙara da romo, wato ba cin nasara kawai ba, har da jin daɗinta.

Ta biyun ce ta ja min hankali. Malam ya ce ya sa hoton iyalinsa a bakin teku a Facebook, ya rubuta a ƙasa "dutsen da ke cikin ruwa bai san ana rana ba", yana nufin tsibirin, sai wani ɗan'uwansa ya kira shi a waya cikin ɓacin rai. Malam, ɗan'uwanka bai yi kuskuren fahimta ba. Wannan karin magana ba a siffanta wuri da ita. Ana faɗinta ne a kan wanda ke cikin wadata har bai san halin da na waje ke ciki ba, kuma yawanci wanda rana ke duka ne yake faɗinta, yana nuni da wanda ke cikin sanyi. Idan mai hutawa a bakin teku ya faɗe ta da bakinsa, a lokacin da wasu ke lissafin kuɗin mudun masara, sai ta fito kamar gori ko da zuciyarsa fes take. Shawarata ka goge rubutun, ka bar hoton, ka kuma taka ka je gidansa ka gaya masa abin da ka nufa, kar ka tsaya a waya.

Kun ce yaran sun tsinto wani ɗan baƙin dutse mai huji-huji a can. Hujin nan gurbin iskar da ta kuɓuce ne lokacin da yake daskarewa. Ku adana shi. Ranar da hanya ta kai ku Biu, ku tsaya a gefen gona yaron ya tsinci wani, ya kawo wa kakarsa su biyun ta riƙe a hannu.