Juya ganyen ka gani kafin ka sake feshi

Ɗana na ga saƙonka, ka ce ganyen inabin layin gabas ya yi fari-fari, ka buga maganin ƙwari sau biyu bai ji ba, wane magani ne ya fi ƙarfi ka je ka sayo. Toh kar ka sayo komai tukuna, don abin da ka gani ɗin da wuya ya zama ƙwaro, kuma maganin ƙwari ko jarka guda ka juye masa ba zai kashe cutar ganye ba.

Gobe da sassafe kafin raɓa ta bushe ka tsinko ganye ka juya bayansa. In saman ganyen akwai tabo ruwan ɗorawa kamar an ɗiga mai, ƙasansa kuma daidai wurin tabon ga farin abu mai laushi, toh cutar damina ce, kuma yanzu da muke cikin Agusta ita nake zargi. Danshi take so, ruwan sama ne ke fantsama ta daga ƙasa zuwa ganye, in dare ya yi da laima washegari sai ka ga farin ya fito, in ka yi sake ganyen ya ƙone ya zube, reshen ya tashi ba ƙarfi, wato ka yi asarar 'ya'yan rani tun daga damina. Ita maganinta Mancozeb ko mai jan ƙarfe, wanda tun 1885 manoman inabi na Bodo a Faransa suke amfani da irinsa. Amma su waɗannan tare cuta suke yi kafin ta shiga, a saman ganye suke zama, ruwa mai ƙarfi na wanke su, shi yasa ake maimaitawa duk kwana 7 zuwa 10. In ta riga ta kama sai Ridomil Gold da ke shiga cikin ganyen, shi ma kar ka jera shi kullum don cutar na sabawa da shi. Kuma don Allah ka juya bakin famfon sama ya jiƙa ƙasan ganye, feshin da ake yi daga sama ana sauri asarar kuɗi ne kawai.

In kuwa farin a saman ganye yake, toka-toka kana gogewa da yatsa yana fita, wannan wata ce daban, ta fi zuwa bayan ruwa ya ɗauke, ba ta buƙatar ruwan sama, inuwa da cunkoson ganye take so, in ta hau 'ya'ya sai su tsage. Farar wuta ce maganinta, amma ba da rana tsaka ba, zafi in ya wuce digiri 30 ganyen take ƙonawa, sai da safe ko yamma liƙis.

Ƙwaro mai fari ɗaya ne zai iya ruɗa ka, wanda ke taruwa kamar auduga a gaɓar reshe da ƙarƙashin ɓawo da cikin nonon inabin. Shi za ka ji ganyen na danƙo, daga baya ya yi baƙi, kuma za ka ga kiyashi na hawa da sauka. Bi layin kiyashin zai kai ka inda suke. Sai ka ɓare tsohon ɓawon kututture, ka fesa man darbejiya da ɗan sabulu, ka hana kiyashin hawa.

Amma ni abin da ya fi damuna ba maganin ba ne, rumfar ce. Layin gabas ɗin ya yi duhu sosai, iska ba ta ratsawa, ga ciyawa ta kai gwiwa tana riƙe danshi a gindi. Ka rage rassan da suka cushe, ka kwashe ganyen da ya zube ka fitar daga gonar ka ƙona, kar ka tara shi gindin shuka da sunan taki. Ciyawar gindi da fartanya za ka yi, a hankali don saiwar inabin ba ta da nisa, ƙiri-ƙiri da aya-aya sai ka tono har saiwarsu in ba haka ba sati biyu sun dawo, ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa amma kar ta taɓa kututture saboda gara.

Maganin ciyawa kuma ka ji ni da kyau, 2,4-D da ake fesa wa masara da shinkafa kar ya kusanci gonar nan, ko iska ce ta kwaso shi daga gonar maƙwabci sai ka ga sabon ganye ya murɗe ya tsuke. Famfon da aka taɓa zuba shi ciki kar ka yi feshin inabi da shi ko an wanke, ka ɗauki wanda na ɗaura wa jan tsumma, shi ne na inabi kaɗai. Ka sa takunkumi da safar hannu, ka auna yadda aka rubuta jikin leda, ban da ƙari.

Ka ɗauko hoton ganyen gaba da baya ka turo min kafin ka haɗa komai.