Ƙasar da Teku ke Ci, Me Zai Sa ta Tsaya Lissafi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne mai karatun tattalin arziki. Na ji cewa ƙasashen tsibiran tekun Pasifik suna horar da ma'aikatan gwamnati kan auna tsadar aiki da amfaninsa kafin su kashe kuɗi wajen kare kansu daga sauyin yanayi. Ƙasar da teku ke ci, ina ta ga lokacin lissafi? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ƙarancin kuɗi ne ya tilasta musu lissafin. Guguwar Pam ta 2015 ta jawo wa Vanuatu asarar da ta kai kusan kashi 64 cikin ɗari na abin da tattalin arzikinta ke samarwa a shekara, a watan Fabrairun 2016 kuma guguwar Winston ta kashe mutum 44 a Fiji. Gwamnatin da ke fuskantar irin wannan, wadda kuma mafi yawan kuɗin ayyukanta tallafi ne daga waje, idan ta gina katangar da ba ta tare komai ba, da wuya ta sake samun kuɗin gina wata.

Garin Lami da ke kusa da Suva, babban birnin Fiji, misali ne mai kyau. A can an kwatanta hanyoyi biyu na rage ɓarnar ambaliya: gina katanga da magudanan ruwa, ko dasa itatuwan nan da ke girma cikin ruwan gishiri a gaɓar teku. Lissafi ya nuna cewa gini ya fi tare ɓarna, amma kowace dala da aka kashe a dashe ta fi dawo da amfani, saboda araha yake kuma kifi na hayayyafa a cikinsa. Shawarar da aka bayar ita ce a haɗa biyun, a keɓe gini ga inda dukiya ta fi yawa.

Wuyar aikin tana wuri biyu. Na farko, yau ake kashe kuɗin, amfanin kuwa sai bayan shekaru talatin ko hamsin, kuma gwargwadon yadda mai lissafi ya rage darajar amfanin da ke can gaba, aiki guda zai iya fitowa riba ko asara. Na biyu ya fi nauyi: akwai abin da ba shi da farashi a kasuwa. A 2014 mutanen ƙauyen Vunidogoloa a Fiji suka koma tudu, nisan kusan kilomita biyu, bayan katangun da aka gina musu sun kasa tare ruwa. Kuɗin gidaje yana lissafuwa, amma barin ƙasar kakanni ba ya shiga jadawali.

A ganina, nan ne dalilin horar da 'yan ƙasa ya fito fili. Ƙwararren da aka ɗauko daga waje zai rubuta rahoto ya kama hanyarsa, ma'aikacin ma'aikatar kuɗi kuwa shi zai kare alƙaluman a gaban majalisa da gaban asusun tallafin yanayi na Green Climate Fund, wanda ya ba ƙasar tsibirai ta Tuvalu dala miliyan 36 don kare gaɓarta. Hukumar kula da muhalli ta yankin Pasifik, SPREP, mai mazauni a Apia, babban birnin Samoa, tana cikin masu ba da irin wannan horo. Sai dai a ƙasa kamar Tuvalu, mai mutane kusan dubu goma sha ɗaya, idan ma'aikaci ɗaya da aka horar ya samu aiki a Ostareliya, ma'aikatarsa za ta koma jiran horo na gaba.