Me Ya Sa Waya Ke Gane Inda Nake Ba Tare Da Dish Ba?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai gyaran waya ne a Tudun Wada, Gombe. Dish ɗin talabijin sai an saita shi ya fuskanci wuri ɗaya, iska na ɗan karkata shi hoto ya ɗauke. To ya aka yi taswirar waya take gane inda nake ko ina cikin mota? Kuma taurarin nan kallona suke yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Bari in fara da ta ƙarshen, don ita ta fi damun jama'a. Ba sa kallonka. Tauraron GPS, wato tauraron ɗan adam na tsarin da ke nuna wa waya inda take, aikinsa shela kawai: ga ni a wuri kaza, yanzu ƙarfe kaza. Wayarka ce ke saurare, ta auna lokacin da saƙon ya ɗauka kafin ya iso, ta lissafa nisa. Idan wani ya san inda kake, to wata manhaja ce da ka bai wa izini ta tura ta intanet, ko kamfanin layinka; can ya kamata ka sa ido.

Saƙon yana gudu da saurin haske, kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, saboda haka kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa zai gusar da kai mita 300. Shi ya sa kowane tauraro ke ɗauke da agogon atom, wato agogo mai tsananin daidaito, yana samun wuta daga faifan sola. Wayar tana buƙatar taurari huɗu aƙalla, na huɗun don gyara nata agogon, wanda bai kama ƙafar nasu ba.

Tauraron talabijin yana can kilomita 35,786 a saman layin da ya raba duniya biyu, yana zagaya ta sau ɗaya a rana, daidai da juyawarta, sai ka gan shi kamar a tsaye, shi ya sa ake saita dish ya fuskanci wuri ɗaya. Da gangan Amurka ba ta jera na GPS a wannan layi ba, domin in duk suna jere a layi ɗaya lissafin ba ya fita da kyau, kuma can ƙuryar arewa da kudancin duniya ba za su samu ba. Sai ta sauko da su kimanin kilomita 20,200, ta rarraba su a hanyoyi 6, kowace ta karkata da digiri 55, suna zagayawa sau biyu a rana. An harba na farko a 1978, kuma tsarin yana buƙatar 24 aƙalla. Wannan tsari yana burge ni ƙwarai: wani na faɗuwa wani na fitowa, ko kana Dukku ko Kaltungo ba za ka rasa huɗu a samanka ba. Eriyar wayar kuwa ba a saita ta, ta kowane ɓangare take ji.

Wayoyin yanzu suna haɗawa da irin wannan tsari na wasu ƙasashe: GLONASS na Rasha, wanda aka ƙara wa karkata zuwa digiri 64.8 don ya isa arewacin ƙasarsu, da Galileo na Turai, da BeiDou na Sin da aka kammala a 2020.

Tun da gyara kake yi, ka riƙe wannan: saƙon yana isowa da rauni sosai, rufin kwano na shago yana tare shi. Kafin ka buɗe wayar kwastoma da sunan GPS ya lalace, fita da ita fili ka ba ta 'yan mintuna. Data ba dole ba ce, amma tana hanzarta kamawa kuma ita ke sauko da taswirar.