Me ya sa ba ma sa antibodi ya kama FcRn iya ƙarfinsa?

Yarona, jiya muna tattara kwalabe ka tambaye ni: tunda FcRn, wani furotin da ke cikin ƙwayoyin jikinmu, shi ne ke ceton antibodi (furotin ɗin garkuwar jiki da muke sarrafawa ya zama magani) daga lalacewa, me zai hana mu gyara wutsiyar antibodin, wato ƙasan jikinsa, ta kama FcRn gam-gam, magani ya daɗe a jini son ranmu? Na ce ka bari sai na zauna, don amsar ba ta tsaye ba ce.

Bi antibodin daga lokacin da aka yi wa mara lafiya allura. IgG, wato nau'in antibodin da muke aiki da shi, babba ne, nauyinsa kusan kilodalton 150, ƙoda ba ta iya tace shi ya fita a fitsari. Masu cin sa su ne ƙwayoyin da ke shimfiɗe a bangon jijiyoyin jini. Dare da rana suna kurɓar ruwan jini kaɗan-kaɗan, su ƙulle shi cikin wata 'yar jaka da muke kira endosom, kuma duk furotin da ya faɗa ciki hanyarsa ta nufi laisosom, inda ake narkar da shi. FcRn a cikin jakar nan yake jira. Ruwanta yana da ɗan tsami, pH (ma'aunin tsami) wajen 6, a wannan tsamin ne yake cafke wutsiyar IgG, ya janye shi daga hanyar halaka, ya maido da shi bakin ƙwayar. Can sai su gamu da jini mai pH 7.4, riƙon ya kwance, antibodi ya ci gaba da yawonsa. Wannan kai-da-komon ne ya sa IgG1, ɗaya daga ire-iren IgG, ke yin kusan kwana 21 kafin rabinsa ya ƙare. Wani masanin kimiyya mai suna Brambell ya yi hasashen wannan mai ceton tun 1964, ba a kai ga gano ƙwayar gadonsa ba sai 1989.

Makullin abin amino asid ne, wato ɗaya daga tubalan da ake gina furotin da su, mai suna histidin, musamman na gurbi na 310 da na 435 a jikin wutsiyar. Cikin tsami yakan ɗauki caji ya manne, tsamin na gushewa ya saki. Dubi IgG3: mafi yawansa arjinin ne da shi a gurbi na 435 maimakon histidin, shi ya sa kwana 7 kawai yake yi.

To, ga inda dabararka ta karye. In ka ƙara ƙarfin riƙo har ya zama a pH 7.4 ma ba ya saki, FcRn zai kawo shi bakin ƙofa amma ba zai sauke shi ba. Sai ya koma ciki da shi, a ƙarshe a narkar. Ka so kwana ɗari, ka samu ƙasa da abin da ka fara da shi. Bai tsaya nan ba, yana tare wa sauran IgG na jikin mutum gurbi, su ma su lalace. Akwai masu yin hakan da gangan: efgartigimod guntun wutsiya ne da aka ƙera ya toshe FcRn, don a rage miyagun antibodi a jikin masu cutar raunin tsoka ta mayasteniya. Magani ne mai kyau, amma kishiyar aikinmu ne.

Abin da muke nema shi ne ƙarin ƙarfi a pH 6, ba tare da an taɓa sakin da ake yi a 7.4 ba. Gyara biyu suka fi shahara. YTE na kamfanin MedImmune canjin amino asid uku ne a gurabe 252, 254 da 256, yana ninka riƙo a tsami kusan sau goma. Shi ke jikin nirsevimab, wanda allura ɗaya ke kare jariri daga cutar numfashi ta RSV tsawon lokacin da cutar ke yaɗuwa, alhali palivizumab da ya riga shi sai wata-wata ake yi. LS na kamfanin Xencor kuwa canji biyu ne, a 428 da 434.

Wanda nake so ka zauna ka nazarta shi ne ravulizumab, don a ganina babu aikin da ya fi shi tsabta a wannan fanni. Daga wani magani da ya riga shi, eculizumab, aka sassaƙo shi, canji huɗu kacal. Biyu LS ne a wutsiya. Sauran biyun histidin ne aka dasa a hannuwan da ke kama C5, furotin ɗin da maganin ke farauta. Me ya kawo haka? Antibodin da ya shiga endosom rungume da abin da ya kamo yakan fito da shi har yanzu a hannu, ko su halaka tare. Da histidin ɗin nan, tsamin da ke sa wutsiya ta kama FcRn shi ne ke sa hannu ya saki C5. C5 ya tafi narkewa, antibodi ya fito hannu wayam, ya sake kamo wani. Ƙarin ruwan da ake yi duk sati biyu da eculizumab ya koma duk sati takwas da ravulizumab, aka amince da shi a 2018.

Bari in gaya maka wautar da na yi ina kamarka. Na gwada wani gyara a ɓerayen gama-gari, ya ɓace daga jininsu da wuri, na jefar da shi. Ashe FcRn na ɓera ya fi namu kama IgG na mutum, gyaran da ke saki lafiya a jikinmu sai ya maƙale a nasu. Ka yi gwajinka a ɓerayen da aka dasa wa FcRn na mutum, daga nan sai birai.

Kuma kada ka manta YTE yana rage ƙarfin kiran ƙwayoyin da ke kashe tantanin da antibodi ya kama, don haka ba kowane maganin ciwon daji zai karɓe shi ba. Maganin da ke wata biyu a jini kuma, in ya ba mutum matsala, da wuya a tsamo shi.

Gobe da safe ka haɗa ruwan gwaji iri biyu, na pH 6.0 da na 7.4. Ka auna samfuran nan shida a kowanne, ka fara kawo mini sakamakon 7.4. Duk wanda ya nuna riƙo a can, cire shi daga layi.