Zan iya ba yara labarin gudun Annabi Dawuda daga Ɗaluta?

Tambaya: Malam, ina koyar da ƙissoshin annabawa a Islamiyya. Wata abokiyar aikina Kirista ta ba ni labari daga Littafin Sama'ila na farko, a cikin Baibul: wai sarki Saul, wanda muke kira Ɗaluta, ya yi wa Dawuda hassada bayan ya kashe Jaluta, ya bi shi da dakaru 3,000 har jejin En-gedi. Dawuda ya ritsa shi a kogo, ya yanki gefen rigarsa kawai, bai kashe shi ba. Zan iya ba ɗalibaina?

Amsa: Malama, Allah Ya ƙara ilimi. Da don kanki kika ji labarin, da na ce babu komai, yana cikin abin da ba mu gaskatawa, ba mu ƙaryatawa. Amma kin ce yara, kuma a darasin ƙissoshin annabawa. Nan hukuncin ya canza. Yaro ɗan shekara tara duk abin da ya ji a bakin malamarsa, ya ɗauka daga Alƙur'ani ne. Kada ki ba su.

Na san wasu masu wa'azi za su kawo hadisin Bukhari na izinin ba da labari daga Banu Isra'ila, su ƙara da cewa ai Ɗabari ma ya kawo wannan ƙissa, har da gizo-gizon da ya yi saƙa a bakin kogon. Hadisin sahihi ne, amma izinin faɗa daban, izinin karantar da abu a matsayin addini daban. Ɗabari kuwa da isnadi ya kawo ta, ta hanyar malamin tafsiri Suddi, ya bar wa masu ilimi tantancewa. Ibn Kasir da ya naƙalto ta ya ce akwai abin dubawa da abin ƙi a cikinta. Yaranki ba su da wannan rariyar. Sannan Allah Ya ce Ya zaɓi Ɗaluta, Ya ƙara masa yalwa a ilimi da jiki. Gaskiya ba annabi ba ne a wajen mafi yawan malamai, yana iya kuskure, amma jingina masa yunƙurin kashe Dawuda yana buƙatar hujjar da ta fi wannan. Kuma a babi na 21 na Littafin Sama'ilan nan an ce Dawuda ya yi haukan ƙarya a gaban Akish sarkin Gat, yawu na zuba a gemunsa. Idan kin ɗauki yankan riga don ya yi miki daɗi, da wane ma'auni za ki bar wancan?

Ki tsaya a Baƙara, aya ta 246 zuwa 251. Jarrabawar kogi da aka yi wa rundunar Ɗaluta kaɗai ta isa darasin mako biyu.

Ita kuma abokiyar aikin naki, kada ki ce mata littafinsu ƙarya ne. Ki gode mata, ki karanta mata yadda Alƙur'ani ya ba da labarin. Wallahu a'alam.