Bambancin "clear" da "definite" da "unambiguous" a Turanci

Ka tambaya ko waɗannan kalmomi uku ma'anarsu ɗaya ce, har a iya sanya kowace a gurbin 'yar'uwarta. A'a, dangin juna ne, amma kowace da aikinta. "Clear" ita ce ta yau da kullum, ana faɗin ta ga maganar da ta fito fili har mai sauraro ya gane ba tare da wahala ba. "Definite" kuwa abin da aka tsayar ne, babu sauran ƙila-wa-ƙala, shi ya sa Bature yake neman "a definite answer" idan ya gaji da jin "sai mun gani", kuma tushenta kalmar Latin ce mai nufin iyaka. "Unambiguous" ta fi su nauyi, an fi ganin ta a takardun lauyoyi da na ofis, tana nufin maganar da ba ta da harshen damo, wadda fassara ɗaya tak take ɗauka.

Abin da zan ja hankalinka a kai shi ne, magana tana iya zama mai sauƙin karantawa amma ta ɗauki fuska biyu. Na taɓa fassara wata yarjejeniya da aka rubuta cewa za a riƙa biyan kuɗi "biweekly", alhali kalmar tana nufin sau biyu a mako, tana kuma nufin sau ɗaya a mako biyu. Kowane ɓangare ya riƙe ma'anar da ta yi masa daɗi, kuma gardamar ba ta mutu ba sai da aka goge ta aka rubuta "every 14 days".